Ya Fito Daga Gidan Yari: Wa Zai Fara Miƙa Masa Hannu?



Duk shekara idan azumi ya kawo jiki ko Sallah ta matso, mukan ji a rediyo cewa gwamna ya yi wa fursunoni afuwa, ko wani bawan Allah ya biya wa mutum kaza tara an sallame su. Sai mu ji daɗi, mu sa albarka, mu ci gaba da aikin gabanmu. Amma da wuya a sami wadda za ta tsaya ta tambayi kanta: shin wannan mutumin da aka buɗe wa ƙofa da hantsi, riƙe da 'yan tsummokaransa a leda, ina ya kwana a wannan rana? Wa ya ba shi tuwon dare? Da gari ya waye, ina ya nufa? Mai gidan hayarsa ya daɗe da zuba wasu a ɗakin, ubangidansa na kasuwa ya ɗauki wani yaron, matarsa wataƙila tana gidan iyayenta, abokan kirki kuma sun watse. Gwamnati ta gama nata tun daga bakin ƙofa. Abin da ya rage na dangi ne da maƙwabta, kuma mafi yawansa yana hannunmu mu mata, ko mun lura ko ba mu lura ba.

Su wane ne a ciki?

Kafin mu yanke wa kowa hukunci a zaurukanmu da gidajen biki, ya kamata mu san waɗanda ake magana a kansu. Alƙaluman Hukumar Gidajen Gyaran Hali ta Nijeriya sun nuna cewa a shekarar 2024 mutanen da ke tsare a faɗin ƙasar nan sun haura 80,000. Kusan biyu cikin kowane uku daga cikinsu ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. Wato mutum na iya shafe shekara biyu ko uku a Kurmawa ko Goron Dutse, daga baya alƙali ya duba ya ga babu hujja ya sallame shi. A idon doka bai yi komai ba. A idon unguwa kuwa ya zama "tsohon fursuna" har ya koma ga Mahaliccinsa.

Akwai kuma waɗanda talauci ne kawai ya zaunar da su. Kotu ta ba su zaɓi, ko tara ko ɗauri, suka rasa abin biya. A watan Nuwamban 2023 Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ƙaddamar da sakin fursunoni 4,068 irin waɗannan, da kuɗi naira miliyan 585 da aka tara daga masu hannu da shuni da kamfanoni. Uwargida, ɗauki alƙalami ki raba: kowane mutum ɗaya ya kama kimanin naira 144,000. Kuɗin da ba zai yi wa amarya ko rabin kayan ɗaki ba a yau, shi ne ya raba wani magidanci da 'ya'yansa.

Ba ina cewa duk wanda ke ciki mai gaskiya ba ne. Akwai ɓarayi, akwai 'yan daba, akwai waɗanda suka zubar da jini, akwai waɗanda suka ci amanar marayu. Amma su ma, in ban da ƙalilan, wata rana wa'adinsu zai cika su fito, kuma ba wata ƙasa za a kai su ba. Layinmu za su dawo, masallacin mazanmu za su shiga, kusa da 'ya'yanmu za su zauna. Don haka ko wadda ba ta da tausayi, ya kamata ta yi lissafi.

A shekarar 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar da ta canza sunan hukumar gidajen yari zuwa ta gyaran hali. Dokar ta kawo hukunce-hukuncen da ba na ɗauri ba, kamar aikin al'umma, da sakin talala ƙarƙashin sa ido, da sasanci tsakanin mai laifi da wanda aka yi wa laifi. Ta kuma tanadi takardar shaidar kyakkyawan hali ga fursunan da ya nuna ɗa'a a zamansa, tare da hana a nuna wa mai wannan takarda bambanci saboda ɗaurin da ya yi. Magana ce mai kyau a rubuce. To amma takarda ba ta tilasta wa maƙwabciya ta amsa sallama, ba ta sa mai shago ya ba da amanar aljihun tebur. Mu da bakinmu har yau "gidan yari" muke cewa, sunan da ya samo asali daga Yari, mai kula da ɗaurarru a fadar sarki. Suna ya canza a allon bakin ƙofa, zukatanmu suna nan inda suke.

Darasin kwana hamsin

Duk lokacin da na zo karantar da ƙissar Ka'abu ɗan Maliku (RA) ga ɗalibaina matan aure, wannan mas'ala ce take faɗo mini a rai. Ƙissar tana cikin Bukhari da Muslim, kuma shi da kansa ya ba da labarin.

A shekara ta 9 bayan hijira aka fita yaƙin Tabuka, Ka'abu ya yi ta jinkiri har runduna ta tafi ta bar shi, ba tare da wani uzuri ba. Da Manzon Allah (SAW) ya dawo, munafukai suka yi ta zuwa da rantsuwar ƙarya. Shi kuwa ya faɗi gaskiya, shi da Muraratu ɗan Rabi'u da Hilalu ɗan Umayya. Sai aka umarci Musulmi da su daina yi wa su ukun magana. Ba a sa musu mari ba, ba a kulle su a ɗaki ba, amma Madina duk faɗinta ta zame musu kurkuku. Ka'abu yana zuwa masallaci, yana ratsa kasuwa, ba mai ce masa uffan. Har ya haura katangar gonar ɗan baffansa Abu Ƙatada, mutumin da ya fi so, ya yi masa sallama bai amsa ba. Bayan kwana arba'in aka ce su ƙaurace wa matansu.

A tsakiyar wannan ƙunci ne wani baƙo daga Sham, mai sayar da abinci a kasuwar Madina, ya nemo shi ya miƙa masa wasiƙa daga sarkin Gassan. Sarkin ya ji labarin an juya masa baya, yana gayyatarsa ya koma wurinsu su riƙe shi da daraja. Ka'abu ya gane wannan ma jarrabawa ce, ya jefa wasiƙar a tanderu.

'Yar'uwa, tsaya a nan tukuna. Wasiƙar ba ta zo ba sai lokacin da kowa ya yi shiru. Haka abin yake har gobe. Yaron da ya fito daga gidan yari, idan gida aka ɗaure masa fuska, masallaci aka matsa daga kusa da shi, majalisar layi aka yi tsit da ya iso, akwai waɗanda za su tarbe shi hannu biyu-biyu. Tsofaffin abokansa na daba suna nan, mai sayar da ƙwaya yana nan, ɗan siyasar da ke neman 'yan jagaliya yana nan, ga kuma sababbin abokan da ya yi a ciki waɗanda suka ba shi lambar waya. Su ba sa tambayarsa me ya kai shi. Shayi za su saya masa, su kira shi da sunan girma. Ka'abu sahabi ne, imaninsa ya sa ya ƙone tasa wasiƙar. Ɗan shekara ashirin da biyu da ya kwana da yunwa fa?

Sai kuma ƙarshen ƙissar. Da dare na hamsin ya cika, Allah Ya saukar da karɓar tubansu, a aya ta 118 ta Suratut Tauba. Manzon Allah (SAW) yana ɗakin Ummu Salama (RA) a lokacin, kuma Ka'abu ya ambaci cewa ita mai damuwa ce da al'amarinsa, har ta nemi a aika masa da bushara tun cikin daren. Bayan sallar Asuba wani ya hau doki ya nufi gidansa, wani kuma ya haye dutsen Sal'u ya ƙwala kira, muryar ta riga dokin isa. Mutane suka riƙa tarbarsa ƙungiya-ƙungiya suna taya shi murna. Da ya shiga masallaci, Ɗalhatu ɗan Ubaidullahi (RA) ya miƙe da gudu ya yi musabaha da shi. Ka'abu bai taɓa mantawa da wannan hannu na Ɗalhatu ba.

Mutanen da suka yi kwana hamsin ba su yi masa magana ba, su ne suka yi tsere wajen kai masa albishir. Horon yana da ranar farawa, yana da ranar ƙarewa, kuma da ya ƙare ba wanda ya ajiye ragowarsa a zuciya don gori. Mu kuwa alƙali zai yanke shekara biyu, mu ƙara wa mutum talatin daga aljihunmu, muna fakewa da cewa hali zanen dutse ne. A Bukhari akwai labarin wani sahabi da aka sha yi wa bulala saboda shan giya. Wata rana da aka sake kawo shi wani ya la'ance shi, Manzon Allah (SAW) ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da ManzonSa. An tsayar da haddi, amma ba a yarda a ƙara masa da tsinuwa ba.

Makonnin farko a gida

Idan ɗanki ne, ko ƙanenki, ko mijinki ya dawo, ki sani makonnin farko su ne masu hatsari. Abu na farko shi ne lafiyar jiki. Gidajen yarinmu a cunkushe suke, abinci kuma kaɗan ne. Ko da aka ƙara kuɗin ciyar da fursuna a 2024, daga naira 750 ne zuwa 1,125 a rana, kin kuwa san abin da wannan zai saya a kasuwa. Da yawa suna fitowa da ƙazuwa, da rama, da tari. Duk tarin da ya kai mako biyu a kai shi asibiti a gwada, domin tarin fuka yana yaɗuwa a wurin cunkoso, kuma maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Wannan kariya ce gare shi da yaran gida baki ɗaya.

Sai lafiyar zuciya, wadda ba a gani. Za ki ga yana yawan shiru, ko barci ya gagare shi, ko ya zabura idan an buga ƙofa da ƙarfi, ko ya fusata a kan abin da bai kai ya kawo ba. Mutumin da ya yi shekaru sai an ce ya tashi yake tashi, sai an ce ya ci yake ci, ba zai koma daidai a kwana uku ba. Kada a tsare shi da tambayar abin da ya gani a ciki. Idan ya so zai faɗa. Kada kuma a mayar da shi abin kallo, 'yan barka da arziki su cika tsakar gida kowa na leƙen fuskarsa. Idan abin ya yi tsanani, ya daina cin abinci ko ya fara maganar gara ya mutu, a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, a haɗa da addu'a. Zuwa can ba hauka ba ne.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da muke yi waɗanda suka fi zagi ciwo. Ya shigo ɗaki ki yi wuf ki ɗauke jakarki. Naira ɗari biyar ta ɓace, duk gida a juyo a kalle shi. Yara su yi faɗa da shi uwarsu ta ce, "Ku rabu da shi, kun san inda ya fito." A ware masa kwano. Yana gani, yana kuma ajiyewa. Ba a ce ki bar masa makullin akwatin sarƙoƙinki ba, adana kaya dama wajibi ne ko babu shi. Amma a yi shi ba tare da nuna masa cewa saboda shi ake yi ba. Ki aike shi cefane ki karɓi canji kamar yadda za ki karɓa a hannun kowa. Amana da kaɗan-kaɗan ake gina ta, kuma dole wani ya fara.

Ki kuma roƙi maigida, ko wani babba a dangi, ya riƙa hannunsa su tafi masallacin unguwa tare a ranar farko, su gaisa da liman, su leƙa wurin mai unguwa. Tafiyar da ba ta fi ta minti biyar ba ce, amma tana gaya wa duk layin cewa wannan yaro yana da mutane. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Kada a manta da takardu. Layin wayarsa wataƙila an rufe, asusunsa na banki ya daskare, katinsa ya ɓace. Tun daga ƙarshen 2020 aka wajabta haɗa layin waya da lambar NIN, kuma yanzu ba layi, ba asusu, sai da ita. Wanda ba shi da waya kuwa ko aikin dako aka samo masa ba a san yadda za a kira shi ba.

Sana'a da jari

Zaman banza shi ne babban abin da ke mayar da mutum ciki. A gidajen yari da dama ana koyar da kafinta, da ɗinki, da walda, da ɗinkin takalma, da haɗa sabulu. Wasu suna rubuta jarrabawar kammala sakandare daga ciki, kuma Jami'ar Karatu Daga Gida, wato NOUN, tana da cibiyoyi a wasu gidajen yari inda fursunoni ke karatu kyauta. Wasu kuma sun fito da haddar izu mai yawa, domin lokaci ne da su. Matsalar ita ce mutum ya fito da sana'a a hannu amma ba keken ɗinki, ba zarto, ba shago, ba kuma mai tsaya masa. Ko Keke Napep zai karɓa ya riƙa kawo balas, sai an ce ya kawo wanda zai tsaya masa, a nan ne kowa ke sunkuyar da kai.

A ganina, zuba wa wanda ya fito jiya kuɗi masu yawa a hannu ba taimako ba ne. Bashi na jiransa, abokai na jiransa, ga yunwar shekaru. Gara a saya masa kayan aikin, a haɗa shi da wani ubangida mai tsoron Allah a kasuwa ko gareji, a gaya wa ubangidan gaskiyar lamari tun farko, dangi su tsaya masa, a kuma riƙa leƙawa. Sannan mu mata mu zama masu sayen farko. Mu ne ke ba da ɗinkin kayan makarantar yara, mu ne ke neman mai gyaran kujera da mai wanki da guga da mai kawo ruwa. Gida goma a layi ɗaya sun isa su tsayar da mutum da ƙafafunsa.

Ina kuɗin za su fito? Allah Ya riga Ya buɗe ƙofa. Cikin kashi takwas na masu cin zakka da aka lissafa a aya ta 60 ta Suratut Tauba akwai waɗanda bashi ya yi wa katutu. Malamanmu na Malikiyya ma sun yi bayanin cewa bashin da ake nufi shi ne irin wanda za a iya tsare mutum a kansa, muddin ba don ɓarna ya ci shi ba, ko kuma ya ci don ɓarna amma ya tuba. Hajiya mai fitar da zakkar gwal da ta kasuwanci, kin taɓa tunawa da wannan kason? Wanda ya fito ba shi da komai kuma ai fakiri ne, ya shiga kason farko. Tarar kotu kuwa ana iya biyanta da sadaka. A Kano akwai Hukumar Zakka da Hubusi, wasu jihohin ma suna da irinta, ana iya kai musu sunayen mabuƙata. Ko adashen da muke zubawa na biki da suna, me zai hana a ware kwasa ɗaya a shekara don wannan?

Idan mace ce ta fito

A nan ne abin ya fi ci mini rai. Mata kimanin kashi biyu cikin ɗari ne kawai na waɗanda ke tsare a ƙasar nan, kuma mafi yawansu a wani ɓangare na gidan yarin maza ake ajiye su. Ƙarancinsu ya sa ake mantawa da su. Abin da ke kai su kuwa sanannu ne a wurinmu: faɗa da kishiya da ya kai ga rauni, adashen da ya rushe a hannun uwar adashe, kayan dillanci da aka karɓa aka kasa biya, shaye-shaye, wani lokacin kuma laifin miji ko saurayi ne ya shafe su. Wasu da ciki suke shiga su haihu a can, wasu da goyo.

Namiji idan ya fito, ko ba komai uwarsa na nan, sau da yawa matarsa ma ta jira shi. Mace kuwa tun kafin a fara shari'a takardar saki ta riga ta iso ta. 'Ya'ya an kwashe an kai wa dangin uba, wataƙila an ce musu ta yi tafiya, ko ma ta mutu. Gidan iyayenta suna jin kunyar a gan ta. Sana'o'in da ta iya kuma, kitso ne, ƙunshi ne, abincin sayarwa ne, aikatau ne, dukkansu sai da yardar mata 'yan'uwanta suke tafiya. Idan muka ce ba za mu ci ƙosanta ba, ba za ta taɓa kan 'ya'yanmu ba, ba za ta shigo mana gida ba, to mun rufe mata duk wata hanyar halal. Wadda ta rage mun san ta, kuma mu ne za mu fara zaginta idan ta bi ta.

Makarantun Islamiyya na matan aure suna da babban aiki a nan. A karɓe ta a aji kamar kowa, malama ta zaunar da ita kusa da ita, ta kuma ja kunnen masu zunɗe tun kafin su fara. A sa ta a adashe, ko da kwasar ƙarshe za a ba ta. A shiga tsakani da dangin tsohon mijin don ta riƙa ganin 'ya'yanta, domin ɗauri bai cire ta daga zama uwa ba.

Maganar aure kuma a bi ta da gaskiya. Zaman gidan yari ba abu ne da ke ɓoyuwa ba, gara manemi ya ji daga bakin waliyyai da ya ji a bakin 'yan gulma bayan an ɗaura. Idan kuma ke aka zo tambaya game da wani ko wata, ki faɗi abin da kika sani tabbas, ba ƙari ba ragi. Lokacin da Faɗimatu 'yar Ƙaisu ta nemi shawarar Manzon Allah (SAW) kan manemanta, ya gaya mata aibin kowannensu a fili. Amma adalci shi ne idan kin faɗi abin da ya faru shekara biyar da suka wuce, ki haɗa da abin da kika gani na shiryuwa daga baya.

Waɗanda aka ɗaure ba tare da sun shiga ba

Matar fursuna da 'ya'yansa su ma suna cikin wani ɗaurin. Ɗaurin miji ba saki ba ne, aure yana nan. Idan ta zaɓi ta jira, a taimaka mata da abinci da kuɗin haya da kuɗin motar ziyara, kada a riƙa yi mata kallon sakarya. Idan kuma cutuwa ta yi yawa, ba ci ba sha, ga wa'adi mai tsawo, shari'a ta ba ta damar kai kukanta gaban alƙali, kada a kira ta maci amana. Ita ta san abin da take ji.

Yara kuwa a makaranta suke shan tasu. Na taɓa samun wata yarinya 'yar shekara tara a ajina, mai ƙoƙarin hadda, ta ɗauke ƙafa kusan wata guda. Da na bincika, ashe 'yan ajin ne suke kiranta 'yar fursuna idan an fita tara. Yaran nan ba su ƙirƙiri kalmar ba, a tsakar gida suka ji ta, a bakin iyayensu mata. Sai da na bi gidajen ɗaya bayan ɗaya kafin ta dawo.

Wani abin da mata da yawa ba su sani ba: dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta faɗa ƙarara cewa ba za a hana mutum tsaya wa wani beli don kawai mace ce ba. Akwai kuma Hukumar Legal Aid, wadda aka kafa tun 1976 don ba marasa hali lauya kyauta, tana da ofisoshi a jihohi. Ƙungiyar PRAWA ma tun 1994 take aiki a kan haƙƙin fursunoni da gyaran rayuwarsu. Yawancin masu jiran shari'a abin da suka rasa shi ne wanda zai bi musu takarda.

Tausayi da ido buɗe

Kada wata ta fahimce ni a karkace. Wanda aka ɗaure saboda lalata da ƙananan yara, ba a ba shi gadin makaranta ko a bar shi da yara a gida, komai tsawon gemun da ya fito da shi. A nema masa aikin da ba ya haɗa shi da su. Wanda ƙwaya ta kai shi, ba a ɗora shi a shagon magani, kuma yana buƙatar magani da sa ido, domin ɗauri kaɗai ba ya raba mutum da shaye-shaye. Wanda ya ci kuɗin mutane, a fara gwada shi da kaɗan.

Sannan akwai wanda aka zalunta. Ita ma matar da aka sace wa jari, ko aka nakasa wa ɗa, 'yar unguwa ce, kuma tana kallon yadda muke rawar jiki a kan wanda ya cuce ta. Kada a matsa mata da "ki yafe, ki yafe" kamar ita ce mai laifi. Malamai sun sanya mayar da haƙƙi ga masu shi cikin sharuɗɗan tuba, zaman gidan yari bai sauke wannan ba. Cikin taimakon da za a yi wa wanda ya fito har da raka shi, tare da liman ko dattawa, ya je ya nemi gafara idan masu haƙƙin sun yarda su gan shi, a kuma tsara yadda zai riƙa biya ko da kaɗan-kaɗan ne. Idan ba su yarda ba, a ƙyale su.

Ga ƙungiyoyinmu na mata, ko na Islamiyya ne, ko na unguwa, ko rassan FOMWAN da ke ƙananan hukumomi, hanyar farawa ba ta da wuya. A rubuta takarda zuwa ga shugaban gidan gyaran hali mafi kusa, a nemi ganin jami'in da ke kula da walwalar fursunoni. A tambaye shi mata nawa ne a ciki, su wa ƙaramar tara ko bashi ya riƙe, su wa za su fita a wata mai zuwa, su wa ba a taɓa zuwa dubawa ba. A tafi da sabulu, da audugar mata, da kayan jarirai. Kafin ranar fitar mace a nemi danginta a yi musu magana, a san ɗakin da za ta kwana. Ranar kuma mutum biyu su je bakin ƙofa da wuri su jira ta, da kuɗin mota, da takalmi, da hijabi wankakke, domin da yawa da kayan da aka kama su da shi suke fitowa.